Yadda Ake Shirya Sujadar Lahadi a Majami'un Bantama

Bantama tsohuwar unguwa ce a Kumasi. A nan makabartar sarakunan Asante ta dā take, a nan kuma babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye yake. Mazaunin zango da ya ratsa ta da safiyar Lahadi zai ji amon ganga da molo na fitowa daga majami'u irin su Ebenezer ta 'yan Metodis da Peyer Memorial ta 'yan Firesbiteriya. Mai wucewa kan zaci mutane ne suka taru kowa na rera abin da ya zo masa a baki. Alhali abin da ake yi cikin awa biyu ko uku ɗin nan an ɗauki kwanaki, wani lokaci watanni, ana tsara shi.

Shirin yana farawa ne daga kalandar ikilisiya. Tsofaffin ɗariku suna raba shekara gida-gida: makonni huɗu na jiran Kirsimeti, sai Kirsimeti, sai azumin kwana 40 da ke kaiwa ga Ista, sai Fentikos kwana 50 bayan Ista. Ita Ista ba ta da tsayayyar rana, domin ana duba cikar wata ne daga 21 ga Maris, don haka takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Katolika suna da jadawalin karatu na shekara uku da aka fitar a 1969, inda ake bin Bisharar Matiyu a shekarar farko, Markus a ta biyu, Luka a ta uku, kuma wasu ɗariku sun ɗauki irinsa. 'Yan Metodis kuwa suna fitar da takardar rabon wa'azi duk wata uku, mai nuna wane fasto ko wane mai wa'azi na sa-kai zai hau mumbarin wace majami'a. Da mai wa'azi ya san ayoyinsa sai ya sanar da shugaban mawaƙa, shi kuma ya zaɓo waƙoƙin da suka dace, a yi ta gwaji da yamma a tsakiyar mako.

Adon ɗakin sujada ma kalandar yake bi. Ana shimfiɗa wa bagadi da mumbari ƙyalle shunayya a lokacin azumi da jiran Kirsimeti, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Fentikos, kore a sauran makonni. Galibi ƙungiyoyin mata ne ke riƙe da wannan aiki: su share, su goge kujeru, su yi wa ƙyallaye guga, su jera furanni tun ranar Asabar. A ƙasar Asante sai an ƙara da kayan gida. Za ka ga saƙar kente a wuyan fasto ko a jikin bagadi, da alamomin adinkira, musamman Gye Nyame wadda ke nuna ikon Allah a kan kome.

Amma inda aka fi shan gwagwarmaya shi ne wajen kiɗa. Thomas Birch Freeman na Metodis ya iso Kumasi a 1839. Fritz Ramseyer na mishan ɗin Basel, wanda Asantawa suka tsare daga 1869 zuwa 1874, ya dawo a 1896 ya kafa majami'a a Adum. Masu mishan na wancan zamani sun zo da waƙoƙin Ingila da Jamus, da molon majami'a, kuma da yawansu suna kallon gangar gargajiya a matsayin kayan tsafi. Aka fassara waƙoƙin zuwa harshen Tuwi, amma muryarsu ta Turai ce. Tuwi kuwa, kamar Hausa, harshe ne mai hawa da saukar murya, saboda haka idan karin waƙa ya saɓa wa karin magana, ma'ana takan karkace.

Ephraim Amu, malamin kiɗa a kwalejin Firesbiteriya ta Akuropon, yana cikin waɗanda suka ƙi yarda da haka. Ya tsara waƙoƙi masu bin karin harshe da bugun gida. A 1931 ya hau mumbari yafe da zane irin na ƙasarsa, shugabannin ikilisiya suka tuhume shi, bayan 'yan shekaru ya bar kwalejin ya koma Acimota. A wajen Katolika, Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta buɗe ƙofar yin sujada da harsunan jama'a. Peter Kwasi Sarpong, wanda ya zama bishop na Kumasi a 1970, ya shigar da gangunan fada irin su kete da fontomfrom da rawar adowa cikin sujada. Hujjarsa mai sauƙi ce: kiɗan da ake girmama sarki da shi bai fi ƙarfin a girmama Mahalicci da shi ba. A ganina shi da Amu sun yi gaskiya, domin mutum ba ya sakin zuciyarsa cikin waƙar da bakinsa ke tuntuɓe a kanta.

Bahaushe Kirista na Arewacin Nijeriya ya san wannan labari ta wata fuskar. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ga kuma Littafin Waƙoƙi da ake riƙewa a majami'un ECWA da COCIN. Duk da haka, abin da ke tayar da jama'a tsaye shi ne waƙar zumuntar mata da tulu da kacau-kacau.

Yau mai tsara sujada a Bantama yana raba lokaci tsakanin mawaƙa masu doguwar riga da ke bin rubutacciyar waƙa, da ƙungiyar masu rera waƙoƙin Tuwi, da matasa masu jita da gangunan zamani, salon da majami'un Fentikostal suka yaɗa. Har baiko ma tsara shi ake yi: wani lokaci a kira mutane bisa ranar haihuwarsu, su Kofi 'yan Juma'a da su Ama 'yan Asabar, kowane rukuni ya taso da rawa. Godiyar kaka da sujadar daren 31 ga Disamba kuwa kwamiti ake naɗa musu tun da wuri.

Saura batun baƙi. Kumasi cike take da 'yan arewacin Gana, Farafara da Dagaba da Kusasi, waɗanda wasunsu Hausar kasuwa ta fi musu Tuwi sauƙi. Cocin Firesbiteriya ta Gana ta kafa shiri na musamman domin 'yan arewa mazauna kudu su yi sujada da harsunansu. Ya kamata kowane kwamitin sujada a Bantama ya sa musu aƙalla karatu ɗaya da waƙa ɗaya cikin harshen da suke ji, ya kuma rage ƙarar lasifika saboda maƙwabta da marasa lafiya.