Yadda Na'urorin Masana'anta Ke Magana da Juna

Ba nisa da Kurmin Mashi, a Mando, akwai tashar da ke karɓar wutar Shiroro mai ƙarfin kilobolt 330, ta raba wa Kaduna, ta tura wata zuwa Kumbotso a Kano. A wuri irin wannan dole mitoci da makunnai su riƙa kai rahoto ɗakin kula, domin ba mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya da ido.

A da, kowane ma'auni da wayarsa. Yana aika ƙaramar wuta tsakanin miliamfa 4 zuwa 20: a ma'aunin tanki, misali, 4 na nufin tankin ba komai, 20 ya cika. An fara daga 4 ne da gangan, don in an ga sifili a san waya ce ta tsinke. Dabara ce mai kyau, sai dai ma'auni ɗari na cin waya ɗari.

A 1979 kamfanin Modicon na Amurka ya fito da Modbus, ƙa'idar da ta ba na'urori da yawa damar amfani da layi guda. Yawanci ana ɗora ta a kan RS-485, wayoyi biyu murɗaɗɗu da ke kaiwa mita 1,200. Kowace na'ura da lambarta, daga 1 zuwa 247. Ƙwaƙwalwar sarrafawa, wato PLC, ita kaɗai ke fara magana, kamar malami mai kiran suna a aji: ta kira lamba 7, ta tambayi zafin tukunya, lamba 7 ta amsa, sauran su yi tsit. A wutsiyar kowane saƙo akwai lissafin tantancewa. In hayaniyar injin ta gurɓata saƙon, a watsar da shi a sake tambaya.

Jamusawa sun zo da Profibus a 1989, yau kuma Ethernet ya shiga masana'antu. A ganina Modbus ya kamata ɗalibi ya fara laƙanta, domin yana kusa da shi. Da yawa daga cikin inbatocin sola da ake haɗawa a gidajen Kaduna suna da kafar RS485 ko CAN, ta nan batirin litiyom ke gaya wa inbata sauran cajinsa. Idan suka ƙi jituwa, sau da yawa wayoyin RS-485 ɗin biyu, A da B, aka juya, ko saurin aika saƙon bai zo ɗaya ba, ko na'urori biyu suka ɗauki lamba guda. A dogon layi kuwa, a duba ko an sa rezista mai om 120 a kowane ƙarshe.