Hakkin Mai Gadin Daji a Kan Masu Aikensa

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Yankari, wannan ƙasaitaccen gandun daji na ƙasar Bauci da aka keɓe tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya ga giwaye suna gangarowa kogin Gaji da rani, ya kuma tsoma jikinsa a ruwan ɗumi na Wikki, da wuya ya koma gida yana tunanin mutanen da suka kwana a dawa domin ya sami abin da ya gani. Alhali kuwa daji mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 2,200 ba ya tsare kansa. Akwai waɗanda suke ratsa shi a ƙasa, dare da rana, damina da rani, da bindiga a kafaɗa da guzuri a baya, kuma su ma 'yan Adam ne masu jini da tsoka, masu iyali da ke jiran dawowarsu.

Idan aka ambaci haɗarin wannan aiki, abin da ke fara zuwa wa mutane a zuci shi ne harsashin ɓarayin namun daji masu neman hauren giwa, kuma lalle ba ƙarya ba ne, domin a gandun dajin Birunga na ƙasar Kwango kaɗai masu gadi fiye da 200 ne suka rasa rayukansu a bakin aiki, Yankari ma ta binne nata. Amma a ganina wannan shahararriyar musiba ta rufe wa shugabanni ido daga waɗansu da suka fi ta yawan aukuwa, waɗanda kuma suka fi ta sauƙin magani: zazzaɓin cizon sauro ga wanda ya kwana babu gidan sauro, gudawa daga ruwan kududdufi, ƙishirwa a zafin bazara, ɓauna mai rauni da ta laɓe a ciyawa, dorinar da aka shiga tsakaninta da ruwa, tsohuwar mota da ta kife da mutane a kwazazzabo.

Mu ɗauki saran maciji, don a nan ne ake gane ko wurin aiki yana da tsari ko kuwa sunan tsari kawai gare shi. Kububuwa, wadda ta yi ƙaurin suna a wannan yanki na arewa maso gabas har aka san asibitin Kaltungo da jinyar waɗanda ta sara, dafinta yakan hana jini daskarewa, ta yadda mutum zai ga kamar yana da sauran ƙarfi, sai daga baya dasashinsa ya fara zub da jini. A asibiti akan ɗebi jinin majinyaci a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba an tabbata dafi ya shiga jiki, sai a yi masa allurar makari. To, kafin a kai ga wannan kwalba, dubi yawan hannayen da ran mutumin ya rataya a kansu. Dole abokan sintirinsa su san cewa ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafar tamau da igiya kamar yadda muka gada, sai dai a kwantar masa da hankali, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi. Dole oba-oba ta kasance da caji, kuma a sami mai sauraro a ofis ko da tsakar dare ne. Dole motar ta kasance da mai, direban ya san hanyar da ruwa bai yanke ba. Dole kuma wani ya riga ya bincika, tun kafin ranar wuya, wane asibiti ne yake da makarin a ajiye. Ɗaya daga cikin waɗannan ya saki, sauran duk sun zama aikin banza.

Wannan shi ne dalilin da ya sa gandun dajin da ya san ciwon kansa yakan ɗora wa mutum guda alhakin haɗa kan al'amuran lafiya da kariya. Gandun daji wuri ne mai iyayen giji da yawa. Yankari ta zama ta gwamnatin tarayya a 1991, ta koma hannun jihar Bauci a 2006, ƙungiyar WCS mai kula da namun daji tana taimakawa wajen sintiri, ga jami'an tsaro, ga masu masaukin baƙi, ga hakimai da dagatan ƙauyukan da ke kewaye. Haka Gashaka Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa, ana tafiyar da ita da haɗin gwiwar hukumar tarayya da wata ƙungiya mai zaman kanta. Inda hannaye suka yi yawa haka, kowa yakan zaci ɗan'uwansa ya sayi maganin, sai a wayi gari akwatin agajin gaggawa babu kome ciki sai tsohon bandeji.

Aikin wannan jami'i yawancinsa ba abin a ba da labari ba ne. Shi ne zai tsaya da asuba ya duba takalman masu fita, ya ƙirga gorunan ruwa da ƙwayoyin tsabtace shi, ya rubuta inda kowace ƙungiya za ta kwana da lokacin da za ta yi kira. Shi ne zai hana a cinna wutar farkon rani, wadda ake ƙona ciyawa da ita tun tana da sauran danshi don gudun gobarar ƙarshen rani, sai an duba iska an kuma sanar da duk wanda ke cikin dawa. Shi ne zai tsawatar kada a taɓa mushen dabba da hannu tsirara, kada kuma a bar hatsin sansani a buɗe ga ɓeraye, tun da Bauci tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya saba ɓulla. Mafi wuya a ciki duka, sai ya sabar wa mazaje da faɗin haɗarin da suka tsallake da ƙyar, domin ɗabi'armu ce mu ce Allah ya kiyaye mu yi shiru, ga kuma kunyar kada a ce mutum rago ne, alhali abin da ya kusa cin wani jiya shi ne zai ci wani gobe in ba a rubuta shi an gyara ba.

Malaman fiƙihu sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kuma wanda ya ɗauki mutum aiki ya tura shi wurin halaka ba da tanadi ba, bai sauke amana ba, ko da ya biya shi ijararsa cif. Dokar zamani ma a nan ta tsaya: Nijeriya ta kafa dokar biyan diyyar ma'aikata a 2010, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa ta sanya lafiya da aminci a wurin aiki cikin hakkokin asali a 2022. Sai dai takarda ta fi sanin mai albashin dindindin. 'Yan sa-kai da masu bin sawu da leburorin gyaran hanya, waɗanda ake ɗauka daga ƙauyuka a sallame su da ƙarewar aiki, su ne suke gaba idan an shiga ciyawa, kuma wajibi ne sunayensu su shiga littafin da ake duba wa magada hakkinsu, tun kafin a ba su adda su shiga daji.