Cin Kifi A Bakin Teku: Cap Estérias Ba Ta Turawa Kaɗai Ba Ce

Duk wanda ya san Libreville ya san cewa hannunmu na cikin abincin garin. Daga kasuwar Mont-Bouët zuwa Akébé, 'yan'uwanmu na cikin masu yanka nama da masu gasa shi, wanda mutanen gari ke kira coupé-coupé. Amma abin mamaki, da wuya ka ga Bahaushe ya kwashi iyalinsa ranar Lahadi sun je bakin teku sun zauna an kawo musu abinci. Akwai yaranmu da aka haifa a nan, har sun yi wayo ba su taɓa wuce filin jirgin saman Léon Mba ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin wuraren cin abincin bayan gari mashaya ne tun asali. Ko an gyara su, an yi fenti, an kafa rumfa mai fuskantar ruwa, kwalaben Régab na nan a kan tebur. Shi ya sa dattawanmu ke cewa wurin ba namu ba ne. Maganarsu na da hujja. Sai dai ƙin zuwa bai hana samarinmu zuwa su kaɗai ba, kuma gara yaro ya fara ganin wurin tare da mahaifinsa da ya gan shi tare da abokai.

Mu ɗauki Cap Estérias, wadda ke arewa da birni, tafiyar kimanin kilomita 30. Hanyar ta ratsa Akanda, ta bi ta dajin Mondah mai manyan itatuwan okoumé, kafin ta ɓulla ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Benga. Can gabas kuma gandun Akanda ne, ɗaya daga cikin gandaye 13 da marigayi Shugaba Omar Bongo ya keɓe a 2002. Gidajen abincin suna gab da ruwa. Kana zaune kana kallon kwalekwalen masunta, iska na kaɗawa, babu hayaniyar mota.

To, me za mu ci? Amsar ita ce kifi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ya fito daga teku halal ne, ba ya bukatar yanka. Saboda haka gasasshen capitaine ko bar, da soyayyar ayaba ko curin rogo, ya wadatar. Kazar nyembwe mai miyar kwakwar manja tana da daɗi, amma in ba a san wanda ya yanka ta ba, a bar ta. Haka naman daji.

Tambayoyi uku ne ya kamata maigida ya yi kafin a ɗora wuta. Na farko, ko ana gasa naman alade a kan wayar da za a gasa kifin? Na biyu, ko akwai giya a cikin miyar? Girkin Faransawa yakan sa farar giyar inabi a miyar kifi, don haka a nemi lemun tsami da barkono kawai. Na uku, nawa ne kuɗin? A ga kifin da ido, a yi ciniki tun yana ɗanye, kada a ci a ƙoshi sannan a shiga gardama gaban yara.

Lokaci ma abin lura ne. A je da hantsi, a zaɓi teburin waje nesa da kantar giya, a taso kafin masu sha su cika wurin. Da yake muna dab da layin da ya raba duniya biyu, rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6 duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri. A riƙe tabarma da buta saboda azahar da la'asar. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin rani, tafiyar ta fi sauƙi.

Jama'a, ƙasar nan a cikinta muke biyan haraji, a cikinta muke aurar da 'ya'yanmu. Magidanta biyu ko uku na iya haɗa kuɗin mota su kai iyali ko da sau ɗaya ne bayan Sallah. In masu gidajen abincin suka ga muna zuwa, su da kansu za su ware mana wayar gashi. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.