J. F. Schön da Dorugu: Hausar da aka koya cikin gida

Wannan ƴar maƙala tana tuni da James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan, malamin harshe, wanda ya rasu a Ingila a 1889. Bai taɓa shiga ƙasar Hausa ba. Daga ina ya samo Hausarsa?

Ya fara tattara kalmomi a Saliyo da tafiyar kogin Kwara ta 1841, amma babban tushensa cikin gidansa yake. Barth, wanda ya ratsa Tasawa a 1851, ya kai Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram, Turai a 1855. Schön ya riƙe shi cikin iyalinsa, yana rubuta maganarsa. Wannan zama ya taimaki nahawunsa (1862), ƙamusunsa (1876) da Magana Hausa (1885).

Sai dai Schön bai nuna karin sauti ba, bai kuma bambanta ɗ da d ba. Saboda haka, ga mai nazarin kare-karen harshe, littattafansa hujja ne kan kalmomi da ginin jumlar Hausar ƙarni na 19, amma ba kan furuci ba.