Rijiya a wuyan ɓera

Da rani, idan korama ta ƙafe, masu neman ruwa kan tona yashi har ruwa ya tsatso. Ana samu, sai dai kowane tono yakan dama ruwan, a jira ya kwanta, gobe kuma a sake tonawa. Garin da ya gaji da wannan wahala rijiya yake ginawa. Aikin sau ɗaya ne, daga nan sai zura guga.

Irin wannan matsala ce masu gwajin sababbin magunguna suke fama da ita kan jinin farin ɓera. Kafin magani ya kai ga ɗan Adam, dole a san yadda yake shiga jini da yadda yake barinsa, don haka ana ɗibar jini bayan minti 5, bayan rabin awa, bayan awa 2, har a kwana. In kowace ɗiba sai an damƙe ɓeran an soka masa allura a wutsiya, firgici zai tayar masa da sukari, zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Ruwan ya damu ke nan. Mai bincike zai auna tsoron dabba haɗe da aikin maganin, ya kasa rarrabe su.

Shi ya sa ake dasa siririn tiyo a jijiya. Za a shaƙa wa ɓeran iskar sa barci, a aske gashin wuya, a wanke wurin tas. A ɗan tsaga fata, a zaƙulo jijiyar wuya ta dama, a yi mata 'yar ƙofa, a zura tiyon roba mai laushi har bakinsa ya kusanci zuciya, a ɗaure da zare. Ɗaya bakin kuma sai a bi da shi ta ƙarƙashin fata, ya ɓullo tsakanin kafaɗu, inda haƙori ba ya kaiwa. A ɗinke, a ba shi maganin kashe zafi, a bar shi kwanaki ya warware. Bayan haka ana iya ɗibar jininsa yana tsaka da cin abinci.

Ni a ganina, inda ake gane gwani shi ne bayan ɗinki. Rijiyar da ba a yashewa cikewa take yi, wadda ba ta da murfi kuwa komai faɗawa yake. Jini yakan daskare ya toshe tiyon, saboda haka ake wanke shi a kai a kai da ruwan gishiri, a cika shi da hefarin mai hana daskarewa. Hannu ɗaya marar tsabta ya isa ya kai ƙwayar cuta har zuciya. Kuma rijiyar ƙarama ce ƙwarai: ɓera mai nauyin giram 250 jininsa kimanin mililita 16 ne, kuma ƙa'ida ita ce kada a wuce kashi 10 cikin 100 a ɗiba guda. Tiyon da ya toshe don sakaci, an tsaga dabba a banza, kuma wannan hakki ne.

A 1959 William Russell da Rex Burch na Ingila suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a nemi madadin dabba, a rage yawanta, a sassauta mata wahala. Tiyon ya taimaka a biyu na ƙarshe, domin ɓera ɗaya kan ba da jerin awon da a da sai an yi amfani da ɓeraye da dama.

Saura matsalar kaɗaici. Ɓera dabbar zaman tare ce, amma mai tiyo akan ware shi don kada 'yan uwansa su gaigaye robar. Yanzu akwai ɗan maɓalli da ake dasawa a bakin tiyon, a rufe shi da hular ƙarfe, sai a mayar da ɓeran cikin 'yan uwansa.