Saadet: Yadda gidan siyasar da ya reni Erdogan ya koma ƙaramar jam'iyya a Turkiyya

A daren 6 ga Maris, 2023, dubban 'yan adawa suka taru a ƙofar hedikwatar jam'iyyar Saadet da ke Ankara domin jin sunan wanda zai kara da Shugaba Recep Tayyip Erdogan a zaɓen shugaban ƙasa. Wanda ya yi sanarwar shi ne shugaban Saadet na lokacin, Temel Karamollaoglu, dattijon da ya haura shekara 80, wanda ya shafe rayuwarsa a siyasar masu ra'ayin Musulunci. Wanda ya ɗaga wa hannu kuwa shi ne Kemal Kilicdaroglu, jagoran CHP na lokacin, jam'iyyar da Mustafa Kemal Ataturk ya kafa, wadda aka fi sani da tsantsar raba addini da mulki.

Me ya sa manyan jam'iyyun adawa suka zaɓi ofishin jam'iyyar da ba ta taɓa samun ko kashi 3 cikin 100 a zaɓen majalisa ba? Amsar tana cikin tarihin gidan da Saadet ta gada.

Tushen tafiyar shi ne Farfesa Necmettin Erbakan, injiniyan da ya yi karatun digirin digirgir a Aachen ta ƙasar Jamus. Kafin ya shiga majalisa, ya fara yin suna ne a ƙungiyar cibiyoyin ciniki da masana'antu ta ƙasa, inda ya tsaya wa ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'a na yankin Anatoliya, waɗanda ke kukan cewa bashin banki da lasisin shigo da kaya duk sun tare a hannun manyan attajiran Santambul. A 1969 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar, gwamnatin Suleyman Demirel ta tsige shi, shi kuma ya je Konya ya tsaya takara ba tare da jam'iyya ba, ya ci kujera. Aƙidar da ya shimfiɗa, Milli Gorus, wato "mahangar ƙasa", ta ginu ne a kan tarbiyyar addini, ƙin riba, kafa manyan masana'antu na gida, da juya wa ƙungiyar Turai baya domin fuskantar ƙasashen Musulmi.

Dokar Turkiyya, kamar ta Najeriya, ba ta yarda a kafa jam'iyya da sunan addini ba. Shi ya sa ba za a ga kalmar Musulunci a sunan ko ɗaya daga cikin jam'iyyun Erbakan ba, sai dai kalmomin Larabci da kunnen Bahaushe ba zai rasa ganewa ba: Nizam, Selamet, Refah, Fazilet, Saadet, wato tsari, aminci, walwala, falala da sa'ada. Sunayen sun yi yawa ne saboda duk lokacin da aka rufe ɗaya, sai a buɗe wata. Kotun Tsarin Mulki ta rufe Milli Nizam a 1971, shekara guda bayan kafa ta. Milli Selamet ta samu kujeru 48 a 1973, ta shiga gwamnatin haɗaka da Bulent Ecevit na CHP ɗin nan dai a 1974, kafin juyin mulkin soja na 1980 ya share ta tare da sauran jam'iyyu.

Da Refah aka kai ƙololuwa. A zaɓen ƙananan hukumomi na 1994 ta cinye Santambul da Ankara, kuma matashin da ya zama magajin garin Santambul shi ne Erdogan. A Disamban 1995 ta zo ta ɗaya da kashi 21.4 cikin 100 da kujeru 158 cikin 550, sannan a Yunin 1996 Erbakan ya zama Firaminista. Mulkin bai wuce shekara guda ba, amma ya bar abin da ya shafe mu kai-tsaye: ya ziyarci Najeriya a Oktoban 1996, kuma shi ya assasa ƙungiyar D-8 ta ƙasashen Musulmi masu tasowa da aka ƙaddamar a Santambul ranar 15 ga Yuni, 1997, wadda Najeriya ke ciki tun daga farko. Kwanaki kaɗan bayan bikin ya ajiye mulki, sakamakon matsin lambar da sojoji suka fara tun taron majalisar tsaron ƙasa na 28 ga Fabrairu. A Janairun 1998 kotu ta rufe Refah, ta kuma haramta masa siyasa na shekara biyar.

Wannan dukan ne ya raba gida biyu. A babban taron jam'iyyar Fazilet na Mayun 2000, Abdullah Gul ya tsaya a madadin matasa masu neman sauyi, ya ƙalubalanci Recai Kutan, ɗan takarar Erbakan. Gul ya faɗi da ƙuri'a 521 a kan 633, tazarar da ta nuna cewa ikon malam a kan almajiransa ya fara sassautowa. Da kotu ta rufe Fazilet a Yunin 2001, dattawa suka kafa Saadet ranar 20 ga Yuli, matasan kuma suka kafa AKP ranar 14 ga Agusta. Erdogan da mutanensa suka fito fili suka ce sun tuɓe rigar Milli Gorus, suka rungumi neman shiga Tarayyar Turai da kasuwa mai 'yanci.

Zaɓen 3 ga Nuwamba, 2002 ya yanke hukunci. AKP ta samu kashi 34 cikin 100 da kujeru 363, Saadet ta tashi da kashi 2.5, ba ta da ko kujera ɗaya. Sau da yawa akan bayyana wannan da cewa jama'a sun gaji da tsattsauran ra'ayi, amma bayanin bai cika ba. Tun bayan juyin mulkin 1980 doka ta ce jam'iyyar da ba ta kai kashi 10 cikin 100 a faɗin ƙasa ba, ba za ta shiga majalisa ba ko da ta lashe wani lardi. Mai shago a Konya ko Kayseri da ke girmama Erbakan ya san cewa ƙuri'arsa ga Saadet za ta tafi a banza, alhali AKP na iya kare masa makarantun limamai da 'yancin sanya ɗankwali ba tare da ta tsokano sojoji ba. Ga kuma lissafin ciniki: ƙananan masu masana'antun da Erbakan ya tsaya wa a 1969 sun girma, suna fitar da tufafi da kayan ɗaki zuwa Turai, don haka aƙidar ƙin Turai ta daina yi musu daidai da aljihu.

Daga nan ƙuri'un suka ci gaba da zagwanyewa: kashi 2.3 a 2007, kashi 1.3 a 2011, ƙasa da kashi 1 a Nuwamban 2015. Sau ɗaya aka ga alamar farfaɗowa, a zaɓen ƙananan hukumomi na 2009, lokacin da Numan Kurtulmus ya kai ta kashi 5. Rikici da dattawan jam'iyya ya fitar da shi a 2010, bayan shekara biyu ya koma AKP, kuma a 2023 ya zama Shugaban Majalisar Dokoki. Erbakan ya karɓi ragamar jam'iyyar da kansa yana da shekara 83, ya rasu ranar 27 ga Fabrairu, 2011.

Abin mamaki, Erdogan ne ya dawo wa Saadet da daraja ba da niyya ba. Tsarin shugaban ƙasa da ya kawo ta ƙuri'ar raba gardama ta 2017, wadda Saadet ta yi adawa da ita, ya wajabta samun fiye da rabin ƙuri'u, don haka kashi 1 ma ya zama abin zawarci. A zaɓen magajin garin Santambul na Maris 2019, ɗan takarar Saadet ya samu ƙuri'a sama da dubu 100, alhali tazarar da ke tsakanin Ekrem Imamoglu na CHP da Binali Yildirim na AKP ba ta kai dubu 14 ba. Ga 'yan adawa kuma, zama kusa da magadan Erbakan shaida ce ga masu ibada cewa faɗuwar Erdogan ba za ta dawo da zamanin korar mata masu lulluɓi daga jami'a ba. Da wannan Saadet ta samu 'yan majalisa biyu a 2018 da goma a 2023, dukansu a jerin sunayen CHP.

Kujerun sun zo da tsada. A 2023 tambarin Saadet bai fito a takardar ƙuri'a ba sam, kuma an nemi mutumin da ya girma yana jin CHP ce ta mayar da kiran salla zuwa Turkanci ya dangwala mata. Hatta rukunin majalisa da ta kafa da jam'iyyar Gelecek ta Ahmet Davutoglu, mai buƙatar mutum 20, ya tsaya ne da ƙyar. A Disamban 2023 ɗan majalisarta Hasan Bitmez ya yanke jiki ya faɗi a mumbarin majalisa bayan ya caccaki gwamnati kan ci gaba da ciniki da Isra'ila ana tsaka da yaƙin Gaza, ya rasu bayan kwana biyu, sai da CHP ta ara musu ɗan majalisa guda kafin adadin ya cika.

A wannan giɓin ne ɗan Erbakan na cikinsa, Fatih, ya shigo. Jam'iyyar da ya kafa a 2018, Yeniden Refah, ta bi hanya ta daban: ta goyi bayan Erdogan a 2023 amma da tambarinta, ta samu kashi 2.8 da kujeru biyar, sannan ta raba gari da shi a zaɓen ƙananan hukumomi na Maris 2024, tana sukarsa kan Gaza da tsadar rayuwa da ƙarancin kuɗin fansho. Ta zo ta uku da kusan kashi 6 cikin 100, ta ci Sanliurfa da Yozgat. Masu ra'ayin addini da suka fusata da AKP, waɗanda Saadet ta shekara ashirin tana jiran dawowarsu, sun dawo gidan Erbakan, amma ta ƙofar ɗan. Saadet ta tsaya a kusan kashi 1.

A Nuwamban 2024 Karamollaoglu ya sauka, aka zaɓi Mahmut Arikan, ɗan majalisa daga Kayseri da aka haifa bayan kafa jam'iyyar Erbakan ta farko. Ya gaji jaridar Milli Gazete da tashar TV5 da ƙungiyar matasa mai rassa a faɗin ƙasa, waɗanda duk ke tare da tafiyar, amma dokar zaɓe, ko da yake an sassauta ta a 2022, har yanzu tana neman kashi 7 cikin 100 daga duk jam'iyyar da ta tsaya ita kaɗai.