Sikila da Jijiyoyin Ƙwaƙwalwar Yaro

A tunanin mutanenmu shanyewar ɓarin jiki ciwon dattawa ne masu hawan jini, shi ya sa idan ta kama yaro ɗan shekara 6 sai a fara zargin iska. Alhali kusan 11 cikin 100 na masu sikila nau'in SS tana kama su kafin su cika shekara 20, kuma ɓarnar a bangon jijiya take taruwa shekara da shekaru. Tushenta ɗan sauyi guda ne a ƙwayar gado ta HBB da ke kan kuromosom na 11. Idan oksijin ya yi ƙaranci sai himogulobin da sauyin ya shafa ya sandare, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe, su fashe cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Himogulobin da ya tsiyayo daga cikinsu yakan cinye naitirik okisaid, sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki. Daga nan shimfiɗar cikin jijiyar ta kumbura, fararen ƙwayoyin jini su riƙa mannewa a kanta, bangon ya yi kauri, har manyan jijiyoyin da ke shayar da ƙwaƙwalwa su ƙuntata.

Wani zai ce abin da aka gada ba ya da makawa. To amma sauyin iri ɗaya ne a jikin dukkan masu SS, kuma akasarinsu ba sa shanyewa. Waɗanda suka haɗa da gadon alfa talasimiya ma haɗarinsu ya fi sauƙi. Sannan jijiyar da ta ƙuntata tana tona asirin kanta, domin jini yakan ƙara gudu a cikinta kamar ruwan tiyo da aka matse wa baki. Na'urar Dofla tana auna gudun ta gefen kai, ba tsaga ba allura. Binciken STOP da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa yaran da gudun jininsu ya kai santimita 200 a daƙiƙa, idan ana musu ƙarin jini kowane wata, haɗarin yakan ragu da kusan kashi 90 cikin 100.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne: ina talaka zai samu leda-ledar jini duk wata, ga ƙarfe yana taruwa a jiki saboda yawan ƙarin jinin? Wannan gaskiya ne, kuma a Kano da Kaduna aka nemi amsarsa. Binciken SPRING, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya shiga tare da Jami'ar Vanderbilt, ya gwada haidiroksiyuriya, maganin da ke ƙara himogulobin irin na jarirai, wanda ba ya sandarewa. Sakamakon 2022 bai nuna bambanci tsakanin miligiram 10 da 20 a kowane kilo na nauyin yaro wajen hana shanyewar farko ba, wato ƙaramin awo mai araha ma yana aiki. Masu gudun haidiroksiyuriya don an san shi da maganin cutar kansa su sani cewa ana ba da shi ne tare da gwajin jini a kai a kai. Abin da ya kamata iyaye su matsa wa gwamnatocin jihohi a kai shi ne awon Dofla duk shekara ga kowane mai SS daga shekara 2 zuwa 16, a manyan asibitocin ƙananan hukumomi.